Guzan Lambuna Ya Shiga Hoto

Kagara, daren Talata, bayan cire albasa

Shekara bakwai ina faɗin guza ne ke shanye ƙwan zabbina a lambu, ba wanda yay yarda. Har matata Hajo cewa take mantuwar tsufa ce, wai ban san inda zabbin ke nasa ƙwai ba. Don ban yi boko ba, maganata ba shaida ba ce.

Yau Malama Rifkatu ta makarantar gari taz zo da kyamara, wai tana neman hoton namun daji. Nac ce, "Ɗiyata, ga naman daji bayan rijiyata." Za ta nufi ramin guzan kai tsaye, nat tsai da ita. Naf fasa ruɓaɓɓen ƙwai bakin ramin, munka zauna inda iska ba ta kai mishi warinmu, har ƙafafuna sunka riƙe.

Sai ga shi. Ya tsufa, ya yi ƙiba da ƙwaina, shina ɗingishi irin nawa.

Taɗ ɗauki hotonshi, tac ce a hankali, "Kai, Baba, kyakkyawa ne!"

Nac ce, "Kyawon mi? Ɓarawo ne." Amma sai naj ji daɗin yabon har cikin raina.

Kafin magariba hoton ya zagaye gari. Yanzu mahalba sun ce gobe za su zo da karnuka. Ban yarda ba. Gaskiyata nike nema, ba fatarshi ba. Na gaya musu wanda yat taɓa shi, ni yat taɓa.

Hajo ta kalli hoton sau uku, ta ƙara mini miya. To, miya ba amsa ba ce. Hajo, wa ke da mantuwa? Ki buɗe baki ki faɗa, ina jira.