Tagogin da Aka Toshe

Da sunan Allah nake farawa. Da hannuna nake rubuta wannan, hankalina kuma yana jikina. Ciwon ƙirji ne ya kwantar da ni, bai taɓa min kai ba. Kada wani ya ce daga baya zafin ciwo ne ya sa Umma faɗa. Na daɗe da faɗan nan a cikina.

Na ɗaya. Gida da abin da ke cikinsa a raba yadda addini ya tsara. Kawunku zai tsaya a kai. Ba wannan ne ke hana ni barci ba.

Na biyu. Zane-zanen gidan tarihi da ke cikin durowar ƙarfe, da ƙaramin samfurin ginin na katako, na Auta ne. Ni na zana ginin nan tun ina goyon ta. Na ɗaga tagogi sama ta inda iska ke shigowa, na bar fili a tsakiya da rumfa don baƙo ya huta, na sauko da kantocin baje kaya ƙasa yadda yaro zai gani ba sai an ɗaga shi ba. Sai sabon shugaba ya ɗauko kamfani daga waje. Suka leƙo, suka ɗauki hotuna, suka koma otal. Aka toshe tagogin, aka zuba gilashi da na'urar sanyi. Yanzu da an ɗauke wuta zauren ya zama tanda, kayan fata suna tsagewa, baƙi suna fifita da takardar shiga. Na yi magana har muryata ta dushe. Aka ba ni allon yabo, aka sallame ni.

Na uku. Auta, gurbin karatun da kika samu a ƙasar waje, ban hana ki ba. Ni ma na je, na kuma ƙaru. Amma ki nemi a ɗaga miki zuwa baɗi. Ki fara zuwa wajen tsohuwar nan mai ginin tukwane a bayan kasuwa. Ita ta kawo mana tulun da mahaifiyarta ta gina, kyauta. Bayan gyaran ta zo ganin sa, ta same shi a akwatin gilashi da rubutu cikin yaren da ba ta ji. Ta roƙi mai gadi ya karanta mata. Wai ba a san wanda ya yi shi ba. Ta gyara mayafinta ta fita, ba ta sake dawowa ba. Ki zauna da ita, ki zauna da masaƙa da magina. Ki samu benci a bakin zauren ki ga inda mutanenmu ke tsayawa, da inda ƙafa ke gajiya. In kin tafi ba ki san wannan ba, abin da kika gani a can za ki kwaso ki jibge mana, kamar waɗancan.

Na huɗu. Likita, ke ce mai baki a gidan nan. Ki yi ta sintiri ofishin shugaban har a cire wancan rubutun a sa sunan matar, da harshenmu. Sunan ba ɓoyayye ba ne, 'yarta na da rai. Za su ce ki dawo gobe. Ki dawo.

Na biyar. Injiniya, kai ne babba, kuma kai ka karɓi kwangilar toshe tagogin. Na gan ka tsaye kana nuna wa leburori inda za su jera bulo. Ka ce in ka ƙi wani zai yi, kuma kana da iyali. Gaskiya ne. Na yafe maka, na kuma rubuta a nan don Auta ta gani da idonta. Auta, tun lokacin kin daina gaishe shi, kina kiran sa ɗan kwangila a gaban 'ya'yansa. Yayanki ne, ki bari. Kai kuma ka san inda kowane bulo yake. Duk ranar da aka ba da izini, da kanka za ka ɗauki guduma.

Ban ga ginin ya koma yadda na zana shi ba, kuma da wuya in gani. Wannan yana ci min rai, ba zan ɓoye muku ba. Amma ban yarda gini ya raba min 'ya'ya ba. Ku riƙa cin abinci tare ko da ba ku da abin faɗa wa juna. Ranar tafiyar Auta, Injiniya ne zai kai ta filin jirgi, kuma a gaba za ta zauna, kusa da shi.

Allah ya yi muku albarka, ya haɗa kanku, ya ba ku masu jin maganarku tun kuna da ƙarfin faɗa. Ku yafe min.

Mahaifiyarku.