Daƙiƙa Arba'in da Aka Yanke

Litinin, 3 ga Maris
Yau shirina na kimiyya a rediyo kan hawan jini ne. Kamar kullum na fara da ƙaryar da ke yawo, da muryar masu tallar magani: "Tafarnuwa da ruwan ɗumi kawai, ka watsar da ƙwayoyin asibiti!" Sannan na warware ta dalla-dalla. Mai haɗa sauti ya ce na iya kwaikwayo. Mutum biyu suka bugo waya, ɗayan ma gaisuwa yake son miƙawa.

Alhamis, 6 ga Maris
Wani ɗan albarka ya yanke farkon shirin, daƙiƙa arba'in, ya watsa a wayoyi. Har da hotona. Shekara biyu ina neman masu saurare, to ga su nan.

Asabar, 8 ga Maris
Na je gida. Baba ya tare ni da fara'ar da rabona da ita tun ranar da na ƙi aikin ɗakin gwaji. "Uwata, ashe karatun bai tafi a banza ba!" Da hannunsa ya tura wa abokansa guntun shirin. Kwalbar maganinsa na hawan jini tana kan taga, kwana biyu bai taɓa ta ba.

Na kunna masa cikakken shirin. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Na gane. Likitoci ne suka matsa miki ki janye."

Talata, 11 ga Maris
Na fitar da gyara. Ko kare bai kalla ba.

Juma'a, 14 ga Maris
Umma ta bugo, wai kan Baba na sarawa, ƙeya ta riƙe. Na je na auna hawan jininsa, ɗari da casa'in. Na zana masa jijiya a bayan ambulan ɗin wasiƙa, na yi bayani, na roƙa, na yi kuka. Ya ce in daina tsoron mutane. Wallahi tsoro nake ji, amma ba na mutane ba.

Lahadi, 16 ga Maris
Na juye ƙwayoyinsa a wata kwalba marar takarda. Na ce masa na tafarnuwa ne, sabon bincike, ba a fitar ba tukuna, kada ya gaya wa kowa. Nan take ya haɗiye, ya sa mini albarka. Umma ta kalle ni, ta kau da kai.

Tun da na fara wannan aikin ba wanda ya taɓa yarda da ni da sauri haka.

Gobe akwai shiri. Ban rubuta komai ba tukuna.