Kafin Baƙin Gwamnati Su Zo

Raymondville, Texas
Farkon Oktoba

Zuwa ga ƙanena Telo,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da Noemí da yara. Ya aiki, ya ɗalibai?

Kada ka yi mamakin ganin wasiƙa. Na daina kiranka ne saboda a waya kullum kai kake cinye ni. Da na fara magana sai ka sako min muryar nan taka ta Dakta, kafin in ankara na ce "to" na ajiye. Takarda kuwa ba ta katse mutum.

Gidan kula da tsofaffi na sistocin coci sun kira ni jiya. An samu wuri a ɓangaren masu ciwon mantuwa. Tun bara waccan sunan uwarmu Amá yake layi. Sun ce in ba su amsa kafin ƙarshen makon gobe, in ba haka ba su ba na bayanmu, mu kuma mu koma ƙarshen layi. Na je na gani da idona. Tagar ɗakin tana kallon bishiyar lemo, ma'aikatan kuma suna jin Sifaniyanci. Wannan ya fi min komai, don ka san Turancin Amá ya gudu ya bar ta.

Ba ka manta yadda mahaifinmu Apá ya ɗaure mu kafin ya rasu ba: ba a yanke komai a kan Amá sai da sa hannunmu mu biyu. Ga takardar nan na haɗo maka.

Telo, na gaji. Ba zan yi maka kwana-kwana ba, na gaji har cikin ƙashina. Shekaranjiya ta zuba garin wanki a tukunyar wake. Ranar Lahadi ina fitowa daga wanka na tarar babu ita, sai can hanyar gonar albasa na tsinto ta da jakarta a hammata, wai za ta makara aiki. Yanzu na sa sakata a saman ƙofa inda hannunta ba ya kai, ni da ita duk a kulle muke. 'Yata Marisela ta haihu tun Yuni a Idaho, jikana har ya fara riƙe wuya, ni uwar uwarsa ban taɓa jin nauyinsa a hannuna ba.

Ka sa hannu ka maido min da wuri. Ka gaishe da Noemí.

Yayarka,
Herlinda

*

San Antonio
Oktoba

Yaya Linda mai daraja,

Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa. Wasiƙarki ta iso, na karanta ta fiye da sau ɗaya, kuma Allah ya sani ta taɓa min zuciya. Ba ni da bakin gode miki.

Akwai maganar da nake jiran ta nuna kafin in faɗa miki, amma yanzu dole in faɗa. Jami'armu ta nemi tallafin gwamnatin tarayya domin fara aikin kafa cibiyar binciken ciwon mantuwa a yankinmu, ni ne kuma jagoran aikin. Mun tsallake tantancewar farko. A watan Fabrairu za su turo mutane su zo su gani da idonsu.

Abin da ya bambanta mu da sauran jami'o'in da muke takara da su shi ne hujja guda. Mun ce mutanenmu ba sa miƙa iyayensu ga gidajen kula, a gida muke jinya, saboda haka dole bincike ya bi mutane har gida. Da labarin Amá na buɗe takardar. Kuma, Yaya, ki gafarce ni, na sa sunanki a matsayin shugabar kwamitin masu jinya. Ƙa'idarsu ita ce shugabar ta kasance tana jinyar wani a gida a lokacin ziyarar. Gidanmu ne za su zo.

Ki duba min. Idan suka zo suka tarar uwar jagoran aikin tana hannun sistoci, da wane ido zan kalle su? Ba ni kaɗai zan faɗi ba. Iyalai nawa ne a Raymondville suke cikin irin halinki, ba mai leƙa su? Idan cibiyar ta tsaya da ƙafarta za a samu wurin yini inda za a riƙa kai tsofaffi da safe, da nas-nas masu zagaya gidaje.

Wata huɗu kawai nake roƙo. Na riƙe takardar a wurina tukuna. Ki tuna abin da muka ce wa Apá a asibiti. Mai haƙuri yakan dafa dutse.

Ƙanenki mai ƙaunarki,
Eleuterio (Telo)

*

Raymondville
Ƙarshen Oktoba

Telo,

Gaisuwa. Muna nan yadda ka bar mu.

Wato har shugaba aka yi ni ban sani ba? Ka ji min yaro! Da ka faɗa ai da na sayi sabon takalmi. Ka ɗauki uwarka da yayarka ka shimfiɗa a shafin farko, sannan ka zo kana yi min karin magana. Dutsen nan da kake cewa, Dakta, a murhun wa ake dafa shi? Kai daga can ko hayaƙin ba ya isa idonka.

Maganar Apá kuma kada ka ƙara ɗauko min ita. Mu biyu muka riƙe hannunsa muka ce ba za mu kai ta ko'ina ba. Kai ka ce ka shiga motarka, ni na ce na shiga kicin.

Ranar Juma'a sista ta sake kira. Na tsaya da waya a kunne, Amá tana zaune tana ninke tawul ɗin da ta ninke tun safe. Na ce su ba na bayanmu. Sista ta ce, "'Yata, kin tabbata? Wuri a nan sai wani ya rasu ake samu." Na ce na tabbata. Da na ajiye na shiga bayi na kunna famfo na yi kukana, don in Amá ta ga hawaye ita ma sai ta kama.

Ba don idonka na yi ba, ka sani. Wurin yinin nan da ka ambata ne ya tsaya min a rai. In da zan samu inda zan ajiye ta daga safe zuwa la'asar, in san tana hannu nagari, wallahi da ban nemi sistoci ba tun farko. Ka ce Fabrairu. Na riƙe ka a kan Fabrairu.

Na ce wa Marisela ta yi haƙuri, bana ma ba da ni za a yi Kirsimeti ba.

Yayarka,
Herlinda

*

Raymondville
Fabrairu

Telo,

Ina fata kun isa gida lafiya, kai da baƙinka. Ka tafi kana murna ka rungume ni a bakin mota, ban so in ɓata maka a gabansu ba. Yanzu ka zauna ka ji.

Ka ga Amá ranar? Ni kaina na sha mamaki. Matar da ta yi mako ba ta yarda an taje mata kai ba, sai ga ta cikin shuɗiyar rigarta ta coci tana cewa baƙi su ƙara tamale, alalar masarar nan tamu, tana yi wa dogon nan na cikinsu faɗa wai ya rame. Har waƙa ta yi musu. Ka ga yadda suke rubutu suna gyaɗa kai. Kai kuma da ka zo labarin yadda ta yi tsinkar albasa ta biya maka makaranta, har muryarka tana rawa. Ban ce ƙarya ka yi ba. Amma ka iya, Telo, ka iya.

Lokacin da kuka fita duba bayan gida, farar matar nan mai furfura, Dakta Lindqvist, ta biyo ni kicin ta naɗe hannun riga ta kama ɗauraye kwanuka. Na ce ta bari, ta ce a gidansu wanda ya ci shi yake wanki. Mutuniyar kirki ce. Ganin haka na saki jiki na tambaye ta.

Na ce, "In kun amince, yaushe za a buɗe wurin yinin? Kafin zafi ya shigo?"

Ta tsaya da faranti a hannu. Ta ce, "Wane wurin yini?"

Na ce, "Na cibiyar mana."

Ta ce, "Ayya. Wannan tallafin ai na shiri ne. Ba a gini da shi, ba a ɗaukar nas. Na zama ne a yi taruka, a ji ra'ayin jama'a, a tsara yadda cibiyar za ta kasance. Shekara uku ake ba su. Bayan nan su sake nema, su yi takara da wasu, in sun ci sannan a fara maganar gini." Sai ta kalle ni da kyau ta ce, "Ba a yi miki bayani ba?"

Na ce, "An yi min. Mantuwa ce, ta gidanmu ce."

Ta yi dariya kaɗan don ta ga ina yi. Na rufa maka asiri, Dakta. Na koma falo na zauna a kujerar shugaba na ce musu jinyar uwa a gida albarka ce, suka rubuta.

Na ɗauko wasiƙarka ta Oktoba na sake karantawa. Ba ka yi ƙarya ko ɗaya ba. "Idan cibiyar ta tsaya da ƙafarta." Ka san sarai yadda zan ji maganar, ka bar ni na ji ta haka. Romon baka ka ba ni na sha, na mayar da wurin da na yi shekara biyu ina jira.

Motarku ba ta kai kwanar titi ba Amá ta juye. Duk ƙarfin da ta tattara ta yi wa baƙi ya ƙare, sai ni. Ta ce na shigo da ɓarayi gidanta, ta ce ina na kai mijinta. Da na zo cire mata rigar ta cije ni a dantse, shaidar tana nan. Wannan ba ya cikin abin da suka rubuta.

Na kira sistoci washegari. Sun ce sunanmu yana nan, a ƙasa.

Herlinda

*

San Antonio
Mayu

Yaya Linda,

Gaisuwa da ban girma. Na san na daɗe ban amsa ba. Na fara wasiƙar nan na yaga ba adadi.

Mun samu tallafin. Jiya sanarwa ta zo. Ana ta taya ni murna a ofis, ni kuwa abin ya ƙi yi min daɗi. Gaskiyarki ce. Na san yadda za ki fahimci maganata, na yi shiru, don na san in na fayyace ba za ki jira ba. Na ce wa kaina alherin da zai biyo baya zai wanke ni. Ki yafe min.

Ga takardar sistoci na sa hannu. Na kira su da kaina na roƙa, har na ambaci aikina. Sista ta ce layi layi ne, ko ɗan gwamna ne.

Akwai wani abu kuma, ina jin kunyar faɗa. A rahotonsu sun yabe ki fiye da kowa. Sun ce kwamitinki ne ƙarfin aikin, suna so ki ci gaba da shugabanci. Taron farko a watan gobe ne, za mu iya yi a falonki don kada ki bar Amá. In kin ƙi ba zan ga laifinki ba.

Ni da Noemí mun yi magana. Ɗakin baƙi yana nan. Ki kawo Amá ta yi wata guda a wurinmu, ki je Idaho ki ga jikanki. Duk ranar da kika ga dama, ba sai kin sanar ba. Uwata ce ni ma.

Ƙanenki,
Telo

*

Raymondville
Yuni

Telo,

Gaisuwa.

Ranar Asabar na zo ƙofar gidanka. Ba ka gan ni ba. Na haɗa kayan Amá da magungunanta, na haɗa nawa akwatin, tikitin Idaho yana jakata. Na tsaya a tsallaken titi. Kana waje da gajeren wando kana ba fulawa ruwa.

Na ce, "Amá, ga Telo can. Wurinsa za ki kwana biyu."

Ta leƙa ta daɗe tana kallonka. Ta ce, "Wane ne wannan tsohon?"

Na ce, "Ɗanki ne, autanki."

Sai ta damƙe hannuna da hannu biyu. Ta ce, "Mama, kada ki bar ni a gidan mutane. Zan yi hankali. Ba zan ƙara ba."

Ni ta kira Mama, Telo.

Na tayar da mota. Mun tsaya a hanya na saya mata askirim, ta sha ta yi barci har gida.

Ka ce wa Noemí na gode, ta bar ɗakin baƙi yadda yake. Ka aiko min da ranar taron da yawan masu zuwa, in san kujeru nawa zan aro a coci.

Yayarka,
Herlinda