Kujerar da Ba a Zama a Kanta

Lahadi, 7 ga Oktoba

Yau na tafka ta. 'Yata Solène ta zo cin abincin rana da mijinta Thibault. Cikin da take ɗauke da shi ya fito sosai, tafiya take kamar agwagwa (a nan kawai na faɗa). Bayan mun ci ta shiga falo, ta ɗage igiyar da na gitta wa babbar kujerata ta zamanin Sarki Louis na sha biyar, za ta zauna. Ban san lokacin da ihu ya kuɓuce min ba: "Ke! Louis na sha biyar ce!"

Ta tsaya, ba a tsaye ba, ba a zaune ba. Ta ce, "Baba, duk kujerun ɗakin nan, wacce ce ta mutane?" Ni kuma, mai basira, na nuna mata ta roba da ke kicin.

A bakin ƙofa ta gaya wa uwarta cewa a gidan surukanta za ta yi Kirsimeti, can akwai wurin zama. Jaririn ma in ya zo, ba za ta kawo shi gidan adana kayan tarihi ba.

Litinin, 8 ga Oktoba

Matata Ghislaine ba ta ce min komai ba sai "ga miya."

Laraba, 10 ga Oktoba

Na shafa wa kujerun kakin zuma, su dai ba sa fushi da ni. Ban yi nisa a makaranta ba, a bayan motar ɗaukar kayan gwanjo na koyi tarihin sarakunanmu, daga ƙasa zuwa sama. Kujerar Louis na sha huɗu: doguwar baya, ruwan zinariya, zama kamar a gaban alƙali. Na sha biyar: komai a lanƙwashe, ƙafa kamar ta barewa. Na sha shida ya miƙe ƙafafun, sai aka sare masa kai, ban ce don haka ba ne. Napoleon ya zo da dagin zaki da nauyin da ya kashe min baya. Abin da suka yi wa ƙasar ban sani ba, amma ƙafafun kujerunsu na sani.

Ghislaine ta ce nawa ƙafafun na sha biyar ne, gwame har ƙasa. To, ta fara magana ke nan.

Asabar, 13 ga Oktoba

Kasuwar tsofaffin kaya, ban sayi komai ba. Na biya shagon Norbert mai ɗinkin kujeru, na ba shi labari don ya goya min baya. Na ce ɗamarun da ke ƙarƙashin mazaunin na asali ne, tun zamanin, sun ruɓe. Da ta zauna da sun tsinke, da ita da cikin a ƙasa. Ai ceton ta na yi.

Ya cire ƙusoshi daga bakinsa. "Ka gaya mata haka?"

"Na ce mata Louis na sha biyar ce."

"Sakarai," in ji shi. "Kawo na sa mata sababbi, giwa ma ta zauna."

Sababbi! Masu tara kaya daga garin Tours suke tahowa su kwanta a ƙasa su leƙa waɗannan ɗamarun. Cire su, ta zama tsohuwar kujera kawai. Na ce masa ya ci gaba da cin ƙusarsa.

Alhamis, 25 ga Oktoba

Na kira Solène. Thibault ne ya ɗauka, ya ce ta kwanta, ciwon baya ya matsa mata, barci ma a zaune take yi kuma babu kujerar da ke mata daɗi. Na ce kujerun zamani ai duk shara ne. Ya ce "haka ne, Baba," irin na surukin da ke son ajiye waya.

Juma'a, 26 ga Oktoba

Na daɗe ina kallon kujerar. Faɗi, gajerun ƙafafu, gefe a rufe, matashin gashin tsuntsu. Don matan da ke sa rigunan nan masu faɗin tanti aka ƙera irinta. Mace mai faɗi dai. Ban yi tunanin komai ba, kallo kawai.

Talata, 30 ga Oktoba

Na kai ta wurin Norbert. Saboda ƙwari ne, na ga kamar garin katako a ƙasa. Ghislaine ta ce, "Wane gari, tsoho? Ni nake share wurin." Matar nan ba ta da ilimin ƙwari.

Na fita waje lokacin da ya sa almakashi. Ya naɗe min tsofaffin ɗamarun a takarda kamar ragowar nama.

Laraba, 14 ga Nuwamba

Kujerar ta dawo. Na gwada ta da kaina, don aiki. Shekara da shekaru tana gidan nan, ashe haka take! Ghislaine ta tashe ni wai miya ta huce.

Lahadi, 18 ga Nuwamba

Sun zo, uwar ce ta lallaɓo su. Solène ta nufi kicin kai tsaye. Na ce ta roba ta karye (na ɓoye ta a gareji). Ta leƙa falo, ba igiya. Ta kalle ni.

"Louis ya yarda?"

"Ya mutu, ba ruwansa."

Ta zauna a hankali, ta sauke wani dogon numfashi. Kafin a kawo kofi ta yi barci, da guntun kek ɗin tuffa a hannu. Na jawo ƙaramar kujerar nan ta Napoleon na ɗora mata ƙafafu, dama ban taɓa son ta ba.

Da za su tafi ta tambayi uwarta ko tanderunmu zai ɗauki talotalon Kirsimeti.

Akwai tabon man shanu a hannun kujerar na dama. Na san abin da ke fitar da shi. Ba yau ba.