Rigar Baba Sani

Daren Asabar, unguwar Ka'akiyya

Na dawo daga aikin ƙungiyarmu ta dashen itatuwa, har yanzu raina a ɓace yake. Wai yau manyan baƙi suka zo duba darbejiyar da muka dasa a bayan unguwa. Ustaz Bashir, mudir ɗinmu, wato shugaban ƙungiyar, wanda rabonsa da wurin tun sanyi, sai ga shi cikin farar jallabiya yana ƙamshin turare.

Baba Sani ne ke raya itatuwan nan. Kullum bayan Asuba yakan tara ruwan alwala na masallaci a jarka, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ke biyansa. Da mai hoto ya shirya, Ustaz ya dube shi ya ce, "Ya ammi, baffana, ara wa ɗan ƙanwata koriyar rigarka, kai ka ɗan matsa gefe." Yaron da ko shebur bai taɓa riƙewa ba! Baba ya tuɓe rigar ƙungiya ya miƙa, ya ce, "Ku riƙe ta gaba ɗaya," ya ɗauki jarkarsa ya tafi. Mutum huɗu daga cikinmu suka bi bayansa.

Ɗazu kuma Ustaz ya turo mana murya a waya, wai himma ta ragu, shabab, wato mu matasa, mu ji tsoron Allah, aikin lada ne. Ji mutum! Shi ya san lada?

Ni ma gobe ba zan je aikin ba, taksina zan ja zuwa unguwar Hindawiyya. Itatuwan nake tausayi. In sun ji ƙishirwa, sai Ustaz ya ba su hoton su sha.