Turakun Gidan Iya Kulu

Aikin farko: a jiƙa ƙasar bulo kafin hantsi.

Zaitawa, Kano
18 ga Afrilu, 1999

Zuwa ga maiɗakina Lauratu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya jikin Inna? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Ya 'yarmu Nana Hauwa da baƙunta? Kada ki damu da layin da ke saman takardar nan, daga littafina na yago ta.

Kin tambaya ko har yanzu ina wahalar ƙungiyar unguwa. Ina yi. Yanzu gidan Iya Kulu muke ginawa, tsohuwar nan mai ƙuli-ƙuli ta bayan masallaci, wadda ɗakinta ya rufta a daminar bara. Tun lokacin tana raɓe a gidan maƙwabciyarta 'Yardada. Ɗan ƙanenta ya zo daga Ɗambatta, ya ce in ruwa ya sauka ba ta da rufi, zai tafi da ita ƙauye. Kin san in ta fita, magada za su sayar da filin kafin ta gama sauke kaya. Shi ya sa muka sa gidanta gaba da na kowa.

Ɗaliban jami'a masu karatun zanen gini sun kawo mana injin hannu. Yana matse jar ƙasa da ɗan siminti kaɗan, ya fito da bulo mai sauƙin kuɗi, ɗaki kuma ba ya zafi. Naziru da wata Rukayya su ne ba sa fashi. Malam Ado magini da farko ya ce bai taɓa ganin tubali mai kusurwa huɗu ya yi albarka ba, yanzu kuwa shi ke korar yara daga jikin injin. Sun zana ɗaki biyu, da madafa, da masai mai bututun iska a kusurwar kudu, nesa da rijiya.

'Yan gayya sun ragu. Tun da aka ce sojoji za su miƙa mulki, samarin da ke kwaɓa mana ƙasa suka koma zaman ƙofar gidan kansila mai jiran rantsuwa. Shi ma ya yi mana alkawarin kwano, wai in ya hau.

Abin da ke damuna ƙarami ne. Na auna ramin masai, na kafa turaku, na ɗaura igiya. Da safe na tarar sun matso wajen tsakar gida. Na ɗauka ni na yi kuskure, na sake awo. Jiya ma haka. Ban gaya wa ɗaliban ba, kada su ce mai sakandare bai iya riƙe tef ba.

Ki gaida Inna da kyau. Na gaji, amma lafiyata lau.

Naki,
Sabo Mamman

Zaitawa, Kano
16 ga Mayu, 1999

Zuwa ga Lauratu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun wuni lafiya, ke da Nana. Saƙonki ya iso ta hannun direba, na ji daɗin jin Inna ta fara shan kunu. Allah ya ɗorar da sauƙi.

Bangon ɗakin farko ya kai kafaɗa. Maganar turaku kuwa ta ja mini abin kunya. Da na ga ba awona ba ne, sai na zargi Malam Shehu, maƙwabcin da katangarsa ta haɗu da kusurwar, don na san ba kowa ke son masai a jikin katangarsa ba. Na kai shi gaban mai unguwa. Ya rantse bai taɓa ba, ya ce shi da gwiwarsa ba ta barinsa ya yi ruku'u sosai, ina zai iya tsugunnon cire turke? Aka yi dariya, ni ban yi ba. Ya janye 'ya'yansa biyu daga gayyar, su ne kuwa masu ɗebo mana ruwa. Sai da na yi ta zarya ina ba da haƙuri kafin ya amsa mini sallama.

Na je gidan 'Yardada, na tsaya a zaure na yi wa Iya Kulu bayani, cewa wani yana ɓata mana aiki amma kada ta damu. Daga bayan labule ta ce Allah ya saka mana da alheri, ya raya mana zuri'a.

Ranar Asabar na ce a haƙa kawai, ko da turaku ko babu. Na ɗauko masu haƙa daga Ƙofar Wambai. Muna shiga muka tarar da Iya Kulu ta shimfiɗa tabarma a cikin igiyar, daidai inda ramin zai zauna, tana ɓarar gyaɗa. Muka gaishe ta, ta amsa. Muka tsaya. Wa zai ce wa tsohuwa ta tashi a gidanta? Malam Ado ya tsokane ta, ya ce ko amarya ta ƙosa ne ta tare tun ba a yi rufi ba. Ta ce shi da ya tsufa bai gina wa kansa na kirki ba, ya yi mata shiru. Rana ta take, inuwa ta bar wurin, ba ta motsa ba. Masu haƙa suka ci ɗan wake suka tafi.

Lauratu, ban gane ba. Gidan nata ne, don ita muke yi. Shekaranjiya hadari ya haɗu a gabas, ya watse, amma na gaba ba lallai ya watse ba, kuma bulon ƙasa ba rufi ba ya jure duka. Naziru ya ce ba inda masai zai koma, rijiya ta tsare gefe ɗaya, madafa ɗaya. Na rubuta takardar ajiye aikin magatakardan ƙungiya, tana aljihuna, ban miƙa ba. Wataƙila aikin ya fi ƙarfina tun farko, mutane ne suka ji nauyin faɗa mini.

Ki sa mu a addu'a.

Naki,
Sabo

Zaitawa, Kano
13 ga Yuni, 1999

Zuwa ga Lauratu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Inna da jiki, ina gaida Nana Hauwa. Ruwa ya sauka a nan, ina fatan ku ma kun samu.

Rukayya ce ta warware mana. Ta ajiye takardun zane, ta shiga gidan 'Yardada ta wuni tana taya su murza ƙuli. Da la'asar ta fito idonta ja, ta ce mu koma gefe. A kusurwar nan ungozoma ta binne cibiyar duk 'ya'yan da Iya Kulu ta haifa. Babu wanda ya yi rai har ya yi wayo. Maza ne suka ɗauke su zuwa maƙabarta, ita ba ta taɓa sanin inda ko ɗaya yake kwance ba. Wannan ɗan wurin kawai ta sani. Ita ce ke zuwa bayan asuba tana matsar da turakun.

Tun farko mun tambayi mai unguwa, mun tambayi magada, mun auna nisan rijiya. Ita ba mu tambaye ta ba, kuma ba maganar da za ta iya yi wa maza sa'annin 'ya'yanta ba ce. Naziru ya ɗauki fensir ya soke ɗaki na biyu, ya mai da masai wurin. Wannan ɗakin ne muka so ta riƙa sa ɗan haya tana samun na cefane. Da aka gaya mata, ta ce ɗaya ya ishe ta.

An yi rantsuwa, kwano bai zo ba. Muka tono tsofaffin azara daga ɓaraguzan ɗakinta, Malam Ado ya zaɓi waɗanda gara ba ta ci ba, muka yi rufin soro. Malam Shehu ya maido da 'ya'yansa ba tare da na roƙa ba, ina jin labarin ya shiga gidansa ta wajen mata. Ruwan farko ya riske mu ba mu gama shafen makuba ba. Bangon madafa ya zube rabi, ɗakin ya tsaya, sai ɗigo a gefen ƙofa.

Ta tare ranar Juma'a. Ɗan ƙanenta ya zo da mota, ya leƙa rufin, ya ƙwanƙwasa bango, ya koma da ƙullin ƙuli-ƙuli. Da na je duba ɗigon, na tarar ta share kusurwar tas tun kafin ta shimfiɗa gadonta. Takardar ajiye aikin ta jiƙe a aljihuna, na yar.

Akwai abin da nake son tambayarki, a baki ba zan iya ba. Wurin nan na bayan ɗakinki, gindin lalle, inda kika hana a daɓe da siminti shekarar da muka yi gyara, kike zama da yamma ko ba inuwa. Na cibiyar ɗanmu Mustafa ne? Na san inda na kwantar da shi, ke ba ki sani ba, ban kuma taɓa kwatanta miki ba. In ba kya son amsawa, ki bari. Ni dai na ɗauke babur daga wurin.

Allah ya ba Inna lafiya, ya dawo mini da ku.

Naki har kullum,
Sabo

Na gobe, in Allah ya kai mu:
A toshe ɗigon gefen ƙofa.
A ɗaura indararo na biyu.
Bangon madafa, in rana ta fito.
A mai da injin bulo gidan Malam Kabiru makaho, shi ne na gaba. Rukayya ta fara shiga wajen matarsa kafin in kafa turke.
A ba lallen Lauratu ruwa.