Ruwan Shuka a Bakin Dogo

Litinin, 14 ga Mayu, 1928. Tsafe.
Ni na kai kaina makarantar boko, babu wanda ya riƙe mini hannu. Na koyi Turanci a bakin kanti. Na gina soro a Gusau. Yau ni ne heluma, shugaban leburori sittin, a aikin shimfiɗa layin dogo. Duk da haka na gaji.

Alhamis, 17 ga Mayu.
Hakimi ya aiko sababbin leburori, dogari a bayansu. Har da Yaya Jatau, wana, masaƙin 'Yandoto. Ya dube ni ya ce, "Malam heluma, mu shimfiɗa ƙarhen da zai kwashe audugata ya kawo mini akoko, yadin Bature, ko?" Na ce ya ɗauki kwandonsa.

Lahadi, 20 ga Mayu.
Bature ya faɗa wa hakimi, hakimi ya faɗa wa dogari, dogari ya ɗaga bulala. Haraji ya koro leburorin nan, ba sha'awa ba. Ni ina ne a wannan jeri? Ƙafata na ciwo.

Asabar, 26 ga Mayu.
Ruwan shuka ya sauka, ƙasa ta jiƙu zira'i guda. Da asuba mutum talatin da ɗaya suka ajiye diga suka nufi gona. Na gan su. Na juya ina gyaran takalmi. Jatau ya tsaya ya ce, "In ba a shuka yau ba, mi Inna za ta ci bana? Ƙarhe?"
Waɗanda suka rage marasa gona ne. Irina. A da babu irinmu a ƙasar nan.

Talata, 29 ga Mayu.
Akawun Bature yana son sunayen waɗanda suka gudu, ni kaɗai na san su. Bulala goma sha biyu kowa, a kasuwa, sannan a dawo da su a ɗaure, tun gero bai tsiro ba. In na ƙi, hular heluma ta tafi. Jatau ya haura shekara hamsin.

Laraba, 30 ga Mayu.
Na ce wa akawu babu wanda ya gudu, ni na sallame su. Ba don Jatau ba. Ba na so a ce an yi abu a sashena ban sani ba, shi ke nan.
Ya ce, "Malam Mas'udu, ka san abin da kake yi?" Ya ƙi tsoma alƙalami a tawada.
Na ce rubuta. Mas'udu Bello, 'Yandoto. Suna ɗaya tak, nawa, kuma ka rubuta shi daidai.